Ta'aziyyar Mutumin Cashmazar

Baba Shirali ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, bai ɗaga hankalin kowa ba, kamar yadda ya saba. Tun yana saurayi ya baro Afganistan ya zo Alƙahira neman ilimi. Furfura ta riga takardar shaida isowa, sai ya koma ɗinke wa ɗalibai littattafansu da suka yayyage. Maƙwabcinsa Sharhabilu, mutumin Gumel, wanda shi ma digirinsa na uku ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ya yi masa wanka. Shi ya raka gawar, da mai gadin gidan, da wasu 'yan Sudan biyu da suka shigo salla aka tuna musu da lada.

Sai da aka dawo abin ya tsaya wa Sharhabilu a rai. A Gumel ko jaki ne ya mutu akwai wanda za a je a jajanta wa. Ga mutum guda ya tafi, babu ƙofar da za a yi sallama a yi ta'aziyya.

Iyakar saninsa sunan ƙauyen su Baba Shirali ne, Cashmazar. Tsohon yakan ambace shi in suna shan shayi, ya bi shi da wata magana cikin Farisanci wadda bai taɓa fassarawa ba. Sharhabilu ya nema a waya. Layi biyu ya samu: ƙauye ne a wata gunduma cikin duwatsu, mutum tamanin da huɗu, gida goma sha tara. Ba hoto, ba lambar kowa.

Ya je wajen Abdulbasit, shugaban ƙungiyar ɗaliban Najeriya na unguwar, ya roƙi a nemo masa wani daga ƙauyen da zai yi wa ta'aziyya.

"Malam, kai da ko taronmu ba ka leƙowa," in ji Abdulbasit, "yau zumuncin Afganistan ne ya motsa?"

"Mutum tamanin da huɗu ne. A cikinsu ba a rasa wanda ya san uwarsa."

"Tamam. Amma in sun ce a kawo gado, kai za ka ɗau allura da zaren ka kai."

Duk da haka ya haɗa shi da Nasrullah, wani ɗalibi ɗan can da ke Hayyin Sabi'. Nasrullah ya kira kawunsa, kawun ya ba da lambar wani direba mai bin hanyar. Aka daɗe ana Farisanci, Sharhabilu na zaune yana shirya kalmomin da zai ce a fassara.

"Ma'alish, sai haƙuri, Ustaz," in ji Nasrullah bayan ya ajiye wayar. "Ƙidayar tsohuwa ce. Idon ruwansu ya ƙafe, sun watse. Wasu birni, wasu Iran."

"Ko mutum ɗaya?"

"Direban ya ce ko kare babu. Katangu ne kawai."

Sharhabilu ya yi godiya fiye da kima, ya hau bas ya dawo. Da ya iso bai shiga ɗakinsa ba. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar Baba Shirali, ya ajiye butar shayi, ya zauna da carbi. Masu hawa sama suna ta tsallake ƙafafunsa. Wata Bamisiriya ta tambaye shi ko makulli ya yar.

Bayan la'asar Abdulbasit ya hawo yana haki, shi kaɗai. Ya dubi tabarmar, ya dubi Sharhabilu, tsokanar da ya zo da ita ta maƙale. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Malam, ya haƙuri?"

Sharhabilu ya so ya ce ba shi ne mai mutuwar ba. Ya duba hagu da dama, bai ga wanda zai nuna ba.

"Haƙuri mun gode Allah," ya ce.

Suka yi addu'a, suka shafa. Abdulbasit ya kurɓi shayi ya ce yana da darasi. Sharhabilu ya gyara zama, yana janye ƙafa duk lokacin da ya ji taku a matakala.