Shugaba Bai Tashi Ba

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu haushinsa bai sake ni ba.

Na gan ni a ofishinmu na Nagoya, a ƙasar Japan, inda na shekara biyu ina zanen injinan ban ruwa. Komai yana inda yake, sai dai agogon bango yana rusunawa duk sanda aka dube shi, kuma kowa Hausa yake yi. Biyar ta buga, lokacin tashi. Ƙarfe shida jirgin Inna zai sauka. Tsohuwar ba ta taɓa wuce Kano ba, ba ta jin yaren kowa sai nata, ba ta riƙe waya. Ni ne kuma ɗanta na fari, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ko duk ma'aikatan filin jirgin za su taru a kanta suna tambayar wurin wa ta zo, ƙasa za ta kalla.

Na ɗauki jakata. Mutum arba'in suka ɗago kai a tare, suka mayar a tare.

Shugaban sashenmu, Kuroda, zalɓe ne a mafarkin. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a bayan tebur, sanye da kwat.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan je taryen mahaifiyata."

"Madalla. Uwa ai ba wasa ba. Lallai ka je."

Na juya.

Ya ce, "Sai dai ni ban tashi ba."

"Da sauran aiki ne?"

"Na gama tun Talata. Na sama da ni ne bai tashi ba."

Na dubi abokan aikina. Ɗaya yana ta buga rubutu a kwamfutar da ke kashe. Ɗaya ya rasa takardar da zai buga wa hatimi, yana buga wa tafin hannunsa. A kusurwa ga Malam Isyaku, mutumin Gashuwa, shekararsa ashirin da biyu a ƙasar. Gansakuka ta fito masa a kafaɗa, ƙafafun kujerarsa sun yi saiwa.

Ya ce, "Nazifi, zauna. Haka ƙasar take, sai haƙuri."

Na ce, "Malam, abin da aka ce mana ke nan a gida lokacin da famfon unguwarmu ya shekara goma ba ruwa. Na tsallako teku don in huta da wannan magana, ashe ta riga ni zuwa har ta sami kujera."

"Yaro man kaza," in ji shi, ya shafa gansakukarsa.

Sai ga ni a kan matakala. A hawa na biyu na tarar da shugaban Kuroda yana jiran na uku. Na ukun yana jiran na huɗu. A hawa na huɗu raina ya gama ɓaci, na hau tebur, bayan sun roƙe ni in cire takalmi. Na yi musu jawabi da safa. Na ce ladabin da ke hana mutum cin tuwo da 'ya'yansa ba ladabi ba ne, tsoro ne ya sha guga. Na ce mutum ɗaya kawai ake nema ya miƙe. Suka saurara har ƙarshe, wasu da hawaye. Duka suka yarda da ni. Nan take aka kafa kwamitin nazarin tashi daga aiki, aka naɗa ni sakatare, aka sa zaman farko bayan shugaba ya tashi.

Agogo ya rusuna. Biyar da rabi.

Can ƙololuwar ginin akwai wani ɗan ɗaki. Mai kamfanin kunkuru ne, yana zaune da hularsa a kai, jaka a gabansa, lema a gefe. Da gani ya daɗe da shiryawa.

"Yallaɓai, kai kuma wa kake jira?"

"Yaran nan. Shekara talatin kullum na leƙa ƙasa sai in ga fitilu a kunne, suna ta fama. Da wane ido zan ratsa su in tafi gida?"

"Ba abin da suke yi. Kai suke jira."

Ya janye kai cikin ƙoƙonsa, ya sake fitowa.

"Ni? Allah sarki, yara masu tarbiyya. To ai yanzu ne ma ba zan iya tafiya in bar su ba."

Na sunkuce shi na sa a hammata, na gangaro. In ba zai fita ba, a fitar da shi. Amma a kowane hawa ma'aikata sukan jeru su rusuna masa, shi kuma dole ya rama, su kuma su ƙara yin ƙasa, shi ma ya ƙara. A hawa na biyu sai da suka nutse cikin siminti har wuya, suna ta ba juna haƙuri. Ina tsallake kawuna agogo ya buga shida.

Ina shiga sashenmu na ga Inna zaune a kujerata, da ƙullin daddawa da kuka a cinya. Kuroda yana zuba mata shayi da baki.

"Inna, yaya aka yi kika zo?"

"Sun tambaye ni sunan wanda na zo wurinsa, na yi shiru. Suka ce mai kunya irin wannan ai tasu ce, suka kawo ni inda ake zama."

"To tashi mu tafi gida. Ga ƙofa can a buɗe."

Ta dube ni, ta dubi abin da ke hammatata.

"Kai wannan, ajiye dattijon nan. A gidan wa aka koya maka tashi manya na zaune?"

"Inna, shekara talatin fa..."

"Boko ne ya sa ka wannan rawar kai. Zauna."

Na ajiye shi. Na zauna. Malam Isyaku ya matso mini da kofin shayi yana murmushi, na ji wani abu mai sanyi yana tsiro mini a kafaɗa.

Ƙarar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa ce ta tashe ni, tana sanar da cewa ta dahu. Na shafa kafaɗata, ba komai. Jirgin Inna jibi zai sauka. Takardar neman izinin zuwa taryenta tana cikin jakata, kwana tara ke nan ina jiran ranar da fuskar Kuroda za ta sake.