Ya Sauka a Teku

Jita-jitar ta iske Kaka Tafinta ne a kan benci, a ɗakin jiran likitan ido, kuma kafin layi ya zo kanta ta ji ta iri uku. Matar da ke damanta ta ce malamar ɗakin karatun unguwa tana koya wa yara sunayen gumakan Girkawa, har wani yaro ya zautu. Ta hagunta ta ce ba zautuwa ya yi ba, dirowa ya yi daga bene yana kiran sunan gunki. Wani dattijo da aka naɗe wa ido ɗaya ya ce shi dai yadda ya ji, sai da yaron ya ɗan tashi sama kafin ya faɗo.

"Ka gani da idonka?" in ji Kaka.

"Da wanne?" ya ce, yana nuna bandejin.

Kaka ta ƙare ƙuruciyarta ne tana tafinta a kotu, kuma a duk zamanta can ba ta taɓa ganin ranar da "an ce" ya zo ya yi rantsuwa ba. Da maganar wasu ce da sai ta bar su da kayansu. To amma jikarta, wadda ake kira 'Yar Shiru saboda in'ina ta hana ta buɗe baki a gaban mutane, a ajin malamar nan na ranar Asabar ta fara karatu da murya. Ga shi kuma kwamitin iyaye ya kira taro don a rufe ajin, shugaban kwamitin kuwa ɗan Kaka ne na cikinta, Injiniya, uban yarinyar.

Ta fara da shagon tela, domin yaron da ake magana Cindo ne, ɗan matar da ke mata ɗinki. Ta same shi zaune a bayan keken ɗinki, hannunsa na dama rataye a wuya, yana koyon cin biskit da hagu.

"Mama, kin ga abin da boko ya jawo min," in ji uwar. "Matashin kaina ya farke ya kwashe gashin, ya ƙona min kyandir kaf, ya manna a kwali."

"Daga wane benen ya diro?"

"Wane irin bene? Daga kan tankin ruwa."

"Ya kira sunan wani?"

"Ni ya kira, bayan ya sha ƙasa."

Kaka ta ja kujera kusa da yaron. Labarin ta san shi tun tana makaranta: wani gwanin maƙeri da ɗansa da aka tsare a tsibiri, suka haɗa fikafikai da kakin zuma suka tashi, uban ya ja kunnen ɗan kada ya kusanci rana, ɗan ya ƙi ji.

"Mai gidana, ashe tashi ka so yi ka bar ni?"

"Ai ni ban yi kusa da rana ba," in ji Cindo. "Sai da na jira hadari ya rufe ta."

"Ka yi dabara. To shi wancan yaron yaya ya ƙare?"

"Fikafikansa suka narke, sai ya sauka a teku."

"Ya me?"

"Ya sauka. Shi ya sa na ce ko nawa sun lalace, sai in sauka a kan yashi."

"Bayan ya sauka fa?"

Ya ɗaga kafaɗar da ke da lafiya. "Ina jin iyo ya yi ya koma gida."

Kaka ta juya kalmar a ranta. Baƙo kan sauka, jirgi kan sauka, mace ma takan sauka lafiya. Wanda ya rikito daga sama fikafikansa na ɗiga kuwa, ba ta san harshen da yake sauka a cikinsa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ko malamar nan ba ta san abin da take karantawa ba, ko ta sani tana murɗe shi, kuma Kaka ba ta ga wanda ya fi wani sauƙi ba.

A gida ta tambayi 'Yar Shiru yadda ake karatun. Yarinyar ta ce littafin guda ɗaya ne, yana zagayawa, kowa ya karanta ɗan yanki ya miƙa wa na kusa.

"Ƙarshen labari wa ke karantawa?"

"Ma-Malama. Kullum tana karɓewa."

Washegari Kaka ta tafi ɗakin karatun. Malama, wata siririyar mata mai tabon tawada a yatsa, tana tsugune tana jera littattafai a kwali, tun kafin a ce mata ta tattara.

"Sannu da zuwa, Kaka. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ba ni littafin Girkawan."

Ta gyara tabarau, ta buɗe shafin ƙarshe na labarin, ta bi shi da yatsa. Rubutun ba shi da wata kwana: yaron ya faɗa teku, ruwa ya haɗiye shi, uban ya yi ta kewaya yana kiransa, bai ga komai ba sai gashin tsuntsu a kan ruwa.

"'Yata, ina aka rubuta ya sauka?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Idona ne ya mutu, ko bakinki ne ya ƙara gishiri?"

"Ragewa na yi, Kaka," ta ce a hankali. "Da za a buɗe ajin, kwamiti ya ce sun yarda da tatsuniya, amma kada a ambaci mutuwa a gaban yara, wai tana hana su barci. Na ce ai mutanen littafin nan ba sa daɗewa. Aka ce in san yadda zan yi."

"Sai kika san yadda kika yi."

"Matar wani mawaƙi da ya waiwaya ya rasa ta har abada, na ce ta koma gidansu. Jarumin da aka harba a dunduniya, na ce ya ji ciwo ya bar aikin soja. Rabin littafin nan na tura su tafiya."

Dariya ta zo wa Kaka har maƙogwaro, ta haɗiye ta. "Tafinta ba ya gyara wa mai shaida magana, ko da kuwa maganar za ta ɗaure shi. Wannan kalmar ta 'sauka' fa, ke kika zaɓe ta?"

"A'a. Wannan labarin na kawo musu misali da shi a zaman. Na ce yaron da ya faɗo daga sama, me zan ce ya yi?"

"Wa ya ba ki amsa?"

"Kaka, a bar kaza cikin gashinta."

"Gashin ai Cindo ya riga ya fige shi. Wa ya ba ki amsa?"

Malama ta dubi ƙofa, ta dubi kwalin, sannan ta faɗa.

Kaka ba ta ɗauki maganarta haka nan ba, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta iske Injiniya a tsakar gida yana wanke mota.

"Injiniya, in gadar da ka gina ta rufta, sauka za ka ce ta yi?"

Soson ya tsaya a hannunsa. "Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya ce. Wa ya ce wa Malama ta ce yaron ya sauka?"

"Ni ban tuna ba. An yi maganganu da yawa ranar."

Ta ji "ban tuna ba" daga bakin mutane masu manyan riguna fiye da tasa, kuma ta san wanda ya manta da gaske yakan ɗaga kai yana nema, ba ya duƙufa kan tayar da ya riga ya wanke.

"Inna, kowa ya san ba a tsorata yara da mutuwa."

"Shi kowan, a ina yake zaune, in je in gaishe shi? Ni na ba ka labarin dodon da ya cinye gari guda, ka yi barci har da minshari. Gobe a taro, ko ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa."

A taron, iyaye suka matsu a kan ƙananan kujerun yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Injiniya ya buɗe zama, ya yi dogon bayani a kan tarbiyya da rigakafi, bai kusanci kalmar ba. Da ya ce a ɗaga hannu, Kaka ta miƙe ta ce kafin a yanke wa littafi hukunci, a bari ya yi magana. Ta miƙa shi ga 'Yar Shiru.

Yarinyar ta tsaya ta buɗe shafin ƙarshe na labarin. Ta yi tuntuɓe a kan "fikafikai", ta koma, ta haye. Daga nan muryarta ta miƙe har zuwa gashin da ke yawo a kan ruwa.

"Ashe mutuwa ya yi?" in ji Cindo daga baya. Ya dubi hannunsa. "Da na sani ai ko kan kujera ba zan hau ba."

Injiniya ya dubi 'yarsa, wadda bai taɓa jin ta karanta jimla guda a gaban mutane ba, ya yi gyaran murya ya ce a ganinsa a ɗage maganar rufewar. Ba wanda ya musa. Malama ta jawo kwalin ta fara mayar da littattafai kan kantocinsu.

Maman Cindo ce ta ƙi tashi. "Ni fa ban gane ba, Mama. To wa ya karya min ɗa, littafin ko Malama?"

Kaka ta cire tabarau ta sa a jaka.

"A littafi yaron faɗawa ya yi ya nitse. Malama ta karanta musu ya sauka, don kwamiti ya hana ta ambaton mutuwa. Wanda ya ba ta kalmar kuwa, ɗana ne."