Ƙwallon Saman Murhu

Bayan babban yaƙi, da ciwon gwiwa ya raba Murdo Kinnaird da wasa, aka ba shi riƙon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kirkhaven a yankin Fife. Ya tarar ana kulle ƙwallo a kabad daga Litinin har Asabar, makullin kuwa yana aljihun shugaban kwamiti, Mista Baird mai sayar da nama.

"Bar yaran da yunwarta," in ji Baird. "Ran Asabar sai su cinye ta ɗanya."

Haka manya suka yarda a lokacin, sai ka ce karnuka ake kiwo. Samari su fito daga aiki a ramin haƙar kwal su yi ta zagaye fili a guje, ran wasa ƙwallo ta zo musu kamar baƙuwa. Ana ta lallasa su, kwamiti na cewa yunwar ce ba ta isa ba.

Murdo yana da ƙwallo guda a gida, wadda ya ci kofi da ita yana saurayi. Tana kan kanta a saman murhun ɗumama ɗaki, ko matarsa Effie ba ya bari ta taɓa. Ran Talata ya sauko da ita.

"Ni ka hana in goge, za ka ba masu ƙafa kamar guduma?" in ji Effie.

"Ke gogewa za ki yi, su kuwa koyo."

A bayan ramin, kan tsakuwar kwal, ya koya musu miƙa wa juna, ƙafa zuwa ƙafa. Duk dukan da fatar nan ta sha, a ƙirjinsa yake ji. Ba a jima ba labari ya kai kunnen Baird.

"Ka ƙosar min da yara! In aka ci mu ran Asabar, ka nemi wani aikin."

Asabar ta zo da ruwan sama. Samarin suka yi ta zagaya baƙin 'yan wasa da ƙwallo har baƙin suka rasa inda za su sa kansu. Uku da nema! Baird ya miƙa wa Murdo makullin fuska a murtuke, wai dama yana huda masa aljihu.

Murdo ya tsufa a ƙungiyar nan, bai taɓa kulle kabad ɗin ba. Tasa ƙwallon kuwa a kan tsakuwa ta fashe, Effie ta mayar da ita saman murhu a lotse. Duk baƙon da ya tambaya ko ita ce ta kofin, sai Murdo ya gyara tsayuwa.

"A da ke nan. Yanzu ta yarana ce."