Mataimakin Mai Fili

Wa ya isa ya yanka wa ƙafar wani farashi? Na daɗe ina juya tambayar nan, har yau ban sami amsar da za ta bar ni in huta ba. Ni dai mai kula da fili ne. Shekara ashirin da shida ina yankan ciyawar ƙungiyarmu, ina ba ta ruwa, ina zana layi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karance ta, ko da jaridar da ɗan kallo ya shimfiɗa ya zauna a kai ce.

Shi ya sa da hukumar gasa ta fito da dokar ƙayyade albashi, ina jin a duk ƙungiyar ni kaɗai na karanta shafukan nan arba'in da ɗaya. Dokar ta sa wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya a kaka guda. Na goyi bayanta, ban kuma ɓoye ba. Ina nan shekarar da wani attajiri ya sayi ƙungiyarmu, ya yi ta kwaso 'yan wasa masu tsada kamar mai cefane, da abin ya gundure shi ya kaɗa rigarsa ya tafi. Aka yanke mana ruwa. Ina kallo ciyawar da na rena ta ƙone ta koma ja. Ƙungiyoyi biyu da suka bi mu tseren saye kuwa, yau ko allon sunansu babu. 'Yan wasa kan tsokane ni, wai Baban Ciyawa ya saba aske komai daidai, yanzu mutane yake so a aske.

Ranar Litinin ina sito ina wasa wuƙar inji, sai ga Sakataren ƙungiya. Bai taɓa shigowa sito ba. Ya duba inda zai zauna, ya ga ko'ina baƙin mai, ya haƙura ya tsaya.

"Baba Mai Fili, ka daɗe kana kukan ba ka da mataimaki. To an ba ka."

"Madalla. Ya iya tayar da inji?"

"Sai ka koya masa. Ɗan gida ne."

Ya miƙo mini fom. A gurbin suna na ga cikakken sunan Bahago, kyaftin ɗinmu, ɗan yayata na fari. Na goge hannuna da tsumma, na sake dubawa.

"Mun haura iyaka," in ji Sakatare. "Abin da muka haura da shi daidai yake da rabin albashinsa, don shi ya fi kowa ɗauka. Rabi zai karɓa a matsayin ɗan wasa, rabi a matsayin mataimakinka. Kai dai ka riƙa sa hannu duk wata cewa ya yi aiki."

"Zai yi aikin?"

Ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya duba tafinsa da ya yi baƙi. "Bahago? Da baro?"

"Rabin albashinsa ya ninka nawa sau huɗu. Wane irin mataimaki ne wannan?"

"Au, ashe kishi ne. Sai a duba naka."

"Ba kishi ba ne. Ba zan sa hannu a kan aikin da ba a yi ba."

"Kowa haka yake yi, Baba. Akwai ƙungiyar da golanta direban bas ne a takarda, alhali bai san birki daga totur ba." Ya ajiye fom ɗin a kan durom. "Juma'a da sha biyun rana za mu miƙa sunaye. In ba ka sa hannu ba, ko ya karɓi rabi, ko sunansa ya fita. Ka san ba zai karɓi rabi ba. Sai ka je ka gaya wa yayarka kai ka cire shi."

Ba don yana ganin girmana ya zo da kansa ba. Sa hannuna ne a ajiye wurin hukuma a matsayin mai kula da fili, canza shi kuwa sai an kwashe makonni.

Washegari da yamma na je wurin Yaya. Ɗakinta yana nan yadda na san shi: kwalaben magani jere a bakin taga, keken ɗinkin da idonta ya hana ta taɓawa an rufe shi da zane, hoton Bahago da kofi a sama da gado. Da ƙafarsa ta hagu ake ciyar da gidan nan, ita da matarsa da 'ya'yansa uku, da ƙannensa mata biyu da ke karatu. Labari ya riga ni isowa.

"Auta, hannun naka na zinariya ne?"

Shekarata hamsin da takwas, amma a wurinta har gobe Auta ne.

"Yaya, ƙarya ce ake so in rubuta."

"Tun kana ƙarami haka kake. A aike ka sayen gishiri, ka tsaya kana tuhumar ma'aunin mai kanti, mu muna nan muna jira. Gaya mini, wa za a cuta?"

Na gaya mata akwai ƙaramar ƙungiya a ƙetaren gada, wadda ta saki 'yan wasanta biyu mafi kyau don ta bi dokar. Na ce in muka shiga fili da su, su da gaskiya mu da dabara, su aka cuta.

"Na san su? Sun taɓa saya mini magani?"

Ta zuba mini shayi, ta turo kofin da bayan hannu.

"Sha. Ni ba na korar ɗan'uwa. Amma in aka cire yaron nan, kada ka zo ka yi mini bayani. Na gaji da bayaninka."

Laraba da safe, bayan na kunna ruwa, na hau kujerun 'yan kallo na sake bin dokar layi layi da ɗan yatsa. Ba hanyar zillewa nake nema ba, ina so ne in san ainihin abin da na ƙi. Na tsinci abu biyu. Na lanƙwashe shafukan, na jira a gama atisaye.

Na sami Bahago a kan benci shi kaɗai, ya ɗaura ƙanƙara a gwiwa. Shekararsa talatin da ɗaya, gwiwar kuwa ta girme shi.

"Kawu, an ce ka zama alƙali."

"Matsa in zauna."

Na nuna masa shafi na talatin da uku. In aka kama albashin ɓoye, za a ci ƙungiya tara, ɗan wasa kuwa dakatarwar shekara biyu. Ya karanta sau biyu, leɓensa yana motsi.

"Sakatare bai gaya maka wannan ba?"

Ya miƙo mini takardar. Na buɗe ɗaya shafin. Ɗan wasa yana iya yi wa ƙungiyarsa wani aiki, muddin aikin na gaske ne, kuma abin da ake biyan kowa a kansa za a biya shi.

"Ina bukatar mataimaki da gaske," na ce. "Awa uku, safiya huɗu a mako, kafin atisaye. Albashin mataimaki, ba ƙari. Ka karɓi rabin da suka ce, ka haɗa da wannan. Ba zai cike ramin ba, ko kusa. Amma babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Fom irin wannan zan sa wa hannu da biro biyu in ana so."

Ya kwance ƙanƙarar ya ajiye a hankali.

"Kawu, bari in tambaye ka, tunda kai ne mai karatu. A cikin shafi arba'in da ɗayan nan naka, akwai inda aka sa wa kuɗin tikiti iyaka?"

"Babu."

"Kuɗin rigar da ake sayarwa da lambata a baya fa?"

"Babu."

"Ranar Asabar mutanen da za su cika kujerun can, ciyawarka suka zo kallo ko Sakatare? Ni suka zo kallo. Shekara uku suka rage mini, in gwiwa ta yarda. Attajiri ya yi ɓarna ya gudu, sai aka zo aka auna ƙafata. Kai injinka, in ya tsufa, ana saya maka sabo. Ni wa zai saya mini?"

Na so in ce masa ba don dokar ba da watakila babu ƙungiyar ma da za ta biya shi rabin. Gaskiya ce, amma ba ita ce amsar abin da ya tambaya ba, kuma ba na son amsa tambayar da ba a yi ba don in tsere wa wadda aka yi.

"Ba ni da amsa," na ce. "Dokar tana da gurgunta, na yarda. Amma gurguntarta ba ta mayar da ƙarya gaskiya."

"To ni ma ji tawa. Ba zan tura baro a gaban yaran da nake yi wa tsawa a fili ba. Gara in ajiye takalmi." Ya miƙe yana ɗingishi kaɗan. "Ka gaida ciyawa."

Ranar Alhamis na tarar an turo fom ɗin ta ƙarƙashin ƙofar sito, an maƙala masa hoton sabon injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa. Shekara shida ina roƙonsa. Na tsaya na kalli hoton fiye da yadda ya kamata, ba zan ɓoye ba. Sannan na hau ofis na mayar da su, tare da wani fom da na cika da hannuna: awa uku, safiya huɗu, albashin mataimaki. Gurbin sa hannun Bahago kawai na bari.

Sakatare ya karanta ya ture gefe. "Ba zai zo ba. Kai kuma bayan Asabar za mu zauna a kan maganarka. Masu yankan ciyawa ba su ƙare a duniya ba."

"Ba su ƙare ba. Famfon gabas dai a riƙa buɗe shi rabi, in an buɗe duka bututu yana fashewa. Ka gaya wa wanda zai zo."

Juma'a ranar zanen layi ce, saboda wasan Asabar. Na dama farin fenti, na tace shi, na cika keken zane. Mutum biyu aikin yake so, ɗaya ya ja igiya ɗaya ya tura, amma na saba da kafa ƙusa in ɗaure, in taka zuwa can in sake kafawa. Na gama layin gefe ɗaya. Raina ba daɗi, hannuna dai bai karkace ba. Na riga na yanke cewa in sha biyu ta yi babu labari, zan je gidan Yaya in zauna, ba tare da bayani ba, ta faɗi duk abin da za ta faɗa.

Wajen ƙarfe takwas na ji an rufe ƙofar mota. Bahago ya tako ta gefen fili, hannu a aljihu, bai taka ɗanyen layin ba.

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau. Ya gwiwa?"

"Tana nan." Ya kalli igiyar. "Ƙungiya huɗu na kira jiya. Kowacce ta cika iyakarta maƙil. Dokarka ta toshe ko'ina."

"Haka ne."

"Na tambayi Sakatare shafi na talatin da uku. Ya ce ba a taɓa kama kowa ba. Na ce to ya rubuta mini cewa in aka kama, shi zai ciyar da gidanmu shekara biyu. Sai ya tuna yana da waya da zai buga."

Na sunkuya ina gyara ƙusa, don kada ya ga fuskata.

"Zan karɓi rabin, amma kada ka ɗauka na yarda da kai," ya ce. "Har yanzu zalunci ne. Kuma ranar da 'yan wasa za su zauna da hukuma, ni zan fara tashi."

"Zan ba ka aron tawa takardar. Na ja layi a wuraren da za ka kama su."

"Mama ta ce ba ta son ganinka sai bayan wata guda."

"Ta yi mini rangwame."

Motar 'yan wasa ta shigo, suka fara sauka da jakunkuna. Golanmu, dogo mai bakin tsiya, ya hango mu ya tsaya. Sauran suka taru a bayansa. Bahago ya kalle su, ya kalli keken. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga.

"Ina ake riƙewa?"

"Nan. Kada ka kalli taya, kalli igiya. Tafiya ɗaya, ba tsayawa, in ka tsaya fenti zai taru."

"Kyaftin," gola ya kira daga can, "in ka gama akwai ciyawa a ƙofar gidanmu."

"Ka fara koyon kama ƙwallo tukuna," in ji Bahago, bai waiwaya ba.

Ya tura. Taku goma na farko layin ya yi ciki kamar maciji.

"Ya karkace," na ce. "Ɗauko bokiti da buroshi ka wanke, mu sake."

Ya tafi ɗauko bokitin.