Capatin Ankul Idris

"Ba haka ba, beti, 'yata. Murzawa za ki yi, ba dambe ba." Anti Mahfuza ta karɓe sandar murzawa daga hannuna, ta barbaɗa gari a kan katako, ta ɗan juya curin, sai ga shi ya baje kamar an zana shi da murfin tukunya. Nawa kuwa da kunnuwa ya fito. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, har sai da ta dafa bango.

Maƙwabciyarmu ce a benen da muke haya a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, ƙofa na kallon ƙofa. Ba'indiya ce da ta haura sittin, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, ta daina doguwar tsayuwa. Shi ya sa na ce ta koya mini capati, gurasarsu ta garin alkama, in riƙa yi ta samu ta kwanta. Dalili kuwa, mijinta Ankul Idris ba ya cin na kanti. Na jiya ma ba ya ci, kai, ko na ɗazu. Sai wanda aka sauke daga kasko yana tururi aka kai masa faranti, ɗaya bayan ɗaya, shi yana miƙe a kujera yana kallon wasan ƙwallon kurket a talabijin. Sai ya gyatse sannan ita za ta ci abin da ya rage, a tsaye, ya riga ya huce.

Ban taɓa ganin ƙaton banza irin mutumin nan ba. Tun da ya bar aikin akawu a wani shagon jakunkuna a unguwar Naif, babban aikinsa a duniya shi ne tauna.

Na dage da koyo. Na gane ruwa mai ɗumi ake kwaɓawa da shi, a rufe kwaɓin da jiƙaƙƙen ƙyalle ya huta, kasko ya yi zafi sosai, in an juya a danna gefe har ya kumbura, sannan a shafa man shanu. Ran da nawa ya fara kumbura, Anti ta tafa mini. Na kwantar da ita a ɗaki, na gasa, ta lallaɓo ta miƙa masa don kada ya gane.

Loma ɗaya ya yi. "Mahfuza! Wannan ba hannunki ba ne."

"Asama'u ce ta taya ni, ƙafata ce yau..."

"Takalmi ne wannan ko abinci?" Ya ture farantin da yatsa ɗaya. "Yalla, maza ki yi wani. Ai zama shi ke ƙara kumburin ƙafa."

Na fito daga kicin da gari a hannu. "Ankul, likita fa ya hana ta tsayuwa."

Ko kallona bai yi ba. "Likita ba shi zai ci ba."

Wallahi na so in kifa masa kaskon a ka. Ita ce ta riƙe mini gyale, ta ce a hankali, "Khalas, ya isa, beti. Je ki gida, mijinki ya kusa dawowa." Na tafi ina ji tana jan ƙafa zuwa kicin.

Bayan kwanaki kaɗan, da hantsi, na ji ihun Ankul a baranda. Na sami Anti kwance a ƙasan kicin, hannunta duk gari, ta gama kwaɓi ta rufe shi tsaf. Shi yana tsaye a bakin ƙofa bai shiga ba, kamar wanda aka ce akwai maciji a ciki. Ni na tallafi kanta ina karanta mata shahada. Kafin motar asibiti ta samu wurin tsayawa a lungunmu, ta cika.

Na yi kuka kamar uwata ce. Wurin zaman makoki kuwa, ga gogan naka yana share ido yana gaya wa maza, "Mace ce ta gari. Tun da na aure ta ban taɓa cin capati mai sanyi ba." Suna ta gyaɗa kai, wai yabo ne.

Washegarin jana'iza, bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Shi ne, rungume da kwanon kwaɓinta, wanda wata cikin masu ta'aziyya ta sa a firji. Samansa har ya fara duhu.

"Kada ya lalace," in ji shi. "Ki gasa mini. Amma ki sassauta hannu, na ranar ya yi tauri."

"Allah Ya jiƙan Anti," na ce. "Ya ba mu haƙuri." Na mayar da ƙofata.

Can da na fito zubar da shara, ƙofarsu a buɗe take. Na hango shi a kicin, ya sunkuya a kan murhu da tabarau a ƙarshen hanci, yana ta murɗa makunni. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, babu wuta. Tukunyar gas ɗin tana nan kusa da gwiwarsa, a rufe kamar yadda ta bar ta.