Shafin da Baba Dodo Ya Hana a Rufe

Shekara shida ina gyaran waya a kasuwar Gaya, ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba Dodo masunci ba. Ranar Talata ya dangwara mini wayarsa a tebur, tana ƙarnin kifi.

"Salima ɗiyata, wayar nan ta koma tafiyar kunkuru. Duba mini."

Na buɗe nabigater, wato inda ake shiga intanet, sai na riƙe baki. Shafi tamanin da uku a buɗe! Tsohon bai taɓa rufe ko ɗaya ba.

"Baba, dole a share su duka."

"Share. Ban da na farko."

Na duba na farkon. Wani tsohon labari ne da Faransanci a kan tashar jirgin ruwan Kwatano, da hoton direbobi a gindin kamyon, wato babbar motar kaya. A gefe ga wani ya ba da baya, kafaɗarsa ta hagu a karkace.

"Mansur ne," in ji shi. "Jan komar kamun kifi tun yana ƙarami ya karkatar da ita."

Duk Gaya an san Mansur ɗansa ya ƙetare gadar kan iyaka da lodin albasa shekara uku da suka wuce, shiru har yau. Dangi sun matsa a yi masa sadakar mutuwa, Baba Dodo ya kore su da sandar tuƙi. Wani fasinja ne ya buɗe masa shafin a cikin kwalekwale, shi kuwa ko harafi bai iya karantawa.

Tausayi ya kama ni, sai na kawo dabara.

"Bari in ɗauke maka hoton in wanke a takarda, ka rataye a ɗaki. Sai mu rufe shafin, waya ta huta."

Ya fizge wayar har caja ta faɗi.

"Wanda ya mutu ake ratayewa a bango! Tun ranar da ya fita ban sa sakata a ƙofar gidana ba, ke ce za ki rufe masa wannan?"

Na ji kunya ƙwarai. Na karɓa a hankali, na rufe tamanin da biyu ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina yana lura da yatsana. Wayar ba ta wani ƙara sauri ba, na kuma faɗa masa.

"Bar ta," ya ce, ya zura ta a aljihu. "Ni ma jira nake."