Sharbot a Gangar Hawaja

"Fata da kai," in ji Zubairu, ya dafa gangar. "Ƙafafun ka riƙe."

"Fata kawai," Mainasara ya ce. "Kan rago na surukata ne, kai ma ka san ta."

Zubairu ya san ta, don haka bai ja ba. Suka tafa, ganga a bakin fatar ragon layyar da ba a ma saya ba tukuna. Shi Zubairu dillalin tsofaffin kaya ne a kasuwar Omdurman. Duk hawajan, wato Baturen, da mulkin soja ya ishe shi ya tattara ya koma ƙasarsu ta Turai, kujerunsa da tukwanensa a rumfar Zubairu suke kwana. Gangar da wani hawaja ya bari ta katako ce mai ɗamarar ƙarfe, cikinta baƙi ƙirin kamar an yi gobara, tana wani ƙamshi mai hawa kai.

"Me hawajan yake zubawa a ciki?"

"Ruwa," in ji Zubairu, yana kallon rumfar maƙwabcinsa. "Irin nasu na can."

Mainasara ya ɗaure ta a saman bas har unguwarsu, Hajj Yusuf. Sharbot yake so ya yi a ciki, wato jiƙon dabinon da kowane gida ke yi da Babbar Sallah don ya narkar da nama. Ƙa'idarsa kowa ya sani: a jiƙa, ya ɗan yi tsami, a shanye shi tun bai yi wayo ba. Bara tulun gidan ya fashe, baƙi suka ci nama suka tafi a bushe, Mainasara bai manta ba.

"Malam, a wanke ta tukun," in ji matarsa Awadiyya.

"Wa ya taɓa wanke turare?"

Ya zuba dabino, ya zuba citta da kirfa. Ya ga sauran gasasshen tsiron dawa da aka yi abin sha da shi a azumi, ya juye. Ya bi da gahawa. Sai ya yi lissafi irin nasa: katako ya fi tulu kauri, tsami zai yi nawar shiga. Saboda haka tun ranar da aka ga wata ya jiƙa, ya toshe bakin da guntun icce, ya jingine ta a bayan madafa inda rana ke kwana.

Washegarin Sallah bayan azahar, toshiyar ta tashi da ƙara kamar an harba igwa. Masu wucewa suka kwanta a ƙasa. Maƙwabcinsa Ɗahiru, tsohon direban jirgin ƙasa, ya kunna rediyo ya ji ko an sa kiɗan soja na juyin mulki.

Mainasara ya tara kofi. Abin ya fito baƙi, da kauri kamar man inji, da kumfa ruwan ƙasa a kai. Ya kurɓa. Da farko gahawa ya ji, sai zaƙin dabinon da ya ƙone a gindin tukunya, sai hayaƙi, sai wani ɗumi ya sauka ƙirjinsa ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Gwiwarsa da ke ciwo tun zamanin ɗibar auduga a Jazira ta yi shiru.

"Malam, me kake wa murmushi?" in ji Awadiyya.

Kafin ya amsa aka yi sallama. Ustaz Muntasir ne, shugaban lijna, kwamitin unguwa da gwamnati ta kafa don lura da rabon sukari da halin mutane. Gemunsa sa'an gwamnatin ne, shekara ɗaya suka fito. Ɗahiru na biye da shi, ga Zubairu ma ya iso karɓar fatarsa.

Muntasir ya shaƙi iskar tsakar gidan, ya lumshe ido, ya yi sauri ya buɗe. Mainasara ya ga bulala arba'in ta mashaya a fili, ya ga kansa kwance a harabar kotu da furfurarsa, 'yan kasuwa na leƙe ta katanga.

"Ya Hajj," in ji Muntasir, "wannan ai..."

"Ai me, Ustaz? Ni ban yi makaranta ba. Tun da uwata ta haife ni ban san ƙamshin waccan abar ba, balle ɗanɗanonta. In kai ka san ta, faɗa, ga shaidu."

Muntasir ya dubi shaidun. An ce ya yi wasu shekaru a Alƙahira waɗanda ba ya ba da labarinsu.

"Ni ina zan san ta?" ya ce. "Hajj Ɗahiru, kai ka yi aiki da Turawan Ingila."

"Jirgi na tuƙa musu, ya Ustaz, ban shiga ɗakinsu ba."

"Zubairu?"

"Ni kujeru nake sayarwa."

"To sai an bincika," in ji Muntasir. Ya zauna a gadon igiya, ya miƙa hannu. "Wanda ake tuhuma kuma kada ya taɓa shaida."

Kofin farko, Ɗahiru ya ce gahawa ce ta kwana. Zubairu ya ce shi dabino ya ji, amma harshensa da maiƙon nama, a ƙara. Muntasir ya riƙe nasa a baki, ya juya shi hagu da dama, ya haɗiye a hankali.

"Akwai icce a ciki," ya ce. "Daga ƙarshe akwai wani abu kamar... ban san shi ba. Sam ban san shi ba. Ƙaro, in tabbatar ban san shi ba."

Mainasara yana tsiyaya, yana haɗiyar yawu. Awadiyya ta kawo soyayyen nama ta ajiye, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta koma madafa.

Kafin la'asar Ɗahiru yana koya wa Zubairu yadda jirgin Atbara ke kuka idan ya doshi gada, Zubairu na maimaitawa. Muntasir ya cire rawani ya naɗa wa gangar, ya rungume Mainasara, ya ce a duk Hajj Yusuf babu mai tsoron Allah kamarsa, ya yi kuka kaɗan. Da aka karkata gangar, dusar dabino kawai ta fito.

"Hukunci, Ustaz?" in ji Mainasara.

"Babu shaida," Muntasir ya ce. Ya miƙe, ya koma ya zauna. "Amma gangar abar zargi ce. Lijna za ta riƙe ta. A gidana."

Matarsa Khadiga ce ta zo da amalanken jaki, aka ɗora mata miji da ganga, rawanin na kan gangar.

Zubairu ya tafi da fata. Ɗahiru ya yi barcin da rabonsa da shi tun yana aiki. Da Sallah ta zagayo, duk unguwa ana zancen sharbot ɗin gidan Ustaz Muntasir, wai baƙi ne, wai yana maganin gwiwa. Mainasara ya tsira da bayansa lafiya lau, ba tabo ko ɗaya. Ya rasa ganga, ya rasa fata da dabino, kuma duk abin da ya sha kurɓi ɗaya ne. Da ya je gaisuwar Sallah gidan Ustaz, lemo aka kawo masa, aka ce ai kowa ya san Hajj bai saba ba.